Kunun Ranar Baftisma

Masana sun cika manyan littattafai da bayanin abin da ke kawo ƙarshen zamani. Wasu suka ce yaƙi, wasu suka ce fari, wasu suka ɗora wa masu mulki. Na koyar da waɗannan bayanai a aji har alli ya busar mini da yatsu, na kuma ba da maki ga duk yarinyar da ta haddace su. Amma yanzu da na ajiye aiki, ba wani mai duba makarantu da zai leƙo mini ta taga, zan faɗi abin da na yarda da shi: zamani yana ƙarewa ne ranar da aka daina jin ƙarar taɓarya da asuba. Duk abin da ya biyo baya sharhi ne kawai.

A unguwarmu ta nan Kaduna, arewacin kogi, kusa da Rafin Guza, a da safiya tana da tsarinta kamar jadawalin makaranta. Ladan ne ke fara buɗe ta da muryarsa ta Allah, ba lasifika. Sai turame su amsa daga gida zuwa gida, har kana iya gane matar da ta kwana da fushi daga yadda take sauke taɓarya. Can sai jirgin ƙasa ya yi kuka daga nesa, in rana ta ɗaga kuma jiragen sama na sansanin Mando su keta sama mu fita muna ɗaga musu hannu, su kuwa ko a jikinsu. Ran Lahadi akan ƙara murya ɗaya: guntun ƙarfen dogo da aka rataye a mangwaron majami'armu, ana dukansa da ƙusa. Yau janareta ne ke tashe ni, injin niƙa ya karɓe shi, babura su rufe taro. Yawancin 'yan'uwanmu masu bin Almasihu sun kwashe sun haye kudancin kogi bayan rigingimun da ba na son tonowa. Ni na ƙi tashi. A nan aka binne uwata, kuma gwiwoyina ba su da sha'awar sabuwar unguwa. Mu da muka rage, in mun taru ran Lahadi, benci biyu sun ishe mu har da wurin ajiye sanda.

Jikata takan kawo mini wa'azin zamani a wayarta. Saurayi ne cikin kwat mai sheƙi, yana zufa, yana ihu: karɓi motarka, karɓi gidanka, karɓi bizarka! Jama'a na miƙa hannu sama kamar ana rabon goro. Na saurara da kyau ko zan ji inda zai ce a bar wani abu, ban ji ba. Mu ba haka aka koya mana ba. An koya mana cewa albarkar nan duniya gaskiya ce, ceto na har abada gaskiya ne, amma dukansu biyu ƙofarsu ɗaya: ka tashi ka bi Almasihu. Wanda zai bi kuwa dole ya bar inda yake tsaye, da abin da ke hannunsa in ya yi nauyi. Ban koyi wannan a kwalejin horon malamai ba. A tsakar gidanmu na gan shi, ranar da aka yi mini baftisma tare da Inna.

Inna uwata ce, ni ce 'yarta ta fari, don haka har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan" ne sunana a bakinta. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ta biyo mahaifina Kaduna, shi yana leburanci a layin dogo. Da ya rasu ya bar mu, sai ta koma ga sana'ar da ta gada wurin uwarta, wato dafa burukutu. Kuma ta iya, kada a rage mata. Sojoji sukan zo, leburori sukan zo, da wasu manya masu shigowa ta ƙofar baya bayan sun cusa hula a aljihu. Ba zan faɗi addinin kowa ba. Kowane ɓangare ya turo wakilai. Ni ce mai jan ruwa, mai shanya tsiron dawa a tabarma, mai korar kaji, mai juya tukunya da muciya har hayaƙi ya mai da idona garwashi. Akwai wata babbar randa a gindin katanga, baƙa wuluk don tsufa, wadda kakata ta yi giya a cikinta kafin a haifi Inna. A cikinta giya ke kwana ta nuna. Inna ba ta ɗanɗanawa ta san ta yi. Kunne take karawa a jikin randar, ta saurara, sannan ta ce, "Ta fara magana." Da yamma kuwa gidanmu ya zama filin daga: waƙa, zagi, kokawa, wani lokaci har da jini. A bayan ɗaki nake yin aikin makaranta, na toshe kunne ɗaya da yatsa.

Makarantar mishan ce ta fara kai ni majami'a. Inna kuwa matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'ar, su ne suka jawo ta, ba da wa'azi ba. Lokacin da ƙanena ya kwanta ciwon da bai tashi ba, masu shan giyarta ko ɗaya bai leƙo ba. Matan nan su suka zo, suka share gida, suka ɗora tukunya, suka zauna da ita har aka share makoki, ba wadda ta ko kalli randar da gefen ido. Bayan nan ta fara bina ran Lahadi tana zama a bakin ƙofa. Wata rana mai bisharar majami'armu, wani siririn mutum mai keke, ya zo gaishe ta, ta shimfiɗa masa tabarma nesa da murhu.

"Malam," ta ce, "in na bar wannan, me za mu ci?"

"Ban sani ba, Inna."

"Kai da ka yi karatu?"

"Wanda za ki bi shi ya sani."

"To, ka tambayo mini shi."

Ya yi murmushi ya ce, "Ki taso tukuna. A hanya yake ba da amsa."

Ta ce wannan ciniki ne irin wanda ko a Babbar Kasuwa ba a yi, a karɓi kayanka a ce ka dawo a gaya maka farashi. Amma bayan 'yan makonni ta shiga ajin baftisma, ta zauna kusa da ni a benci ɗaya, ina raɗa mata amsa tana ture ni da gwiwar hannu.

A wancan zamani ba a baftisma a kwamin siminti mai tayil kamar yanzu. Kogi ake zuwa, sau ɗaya a shekara, cikin bazara lokacin da ruwa ya ja baya. Kuma ba a kai ka bakin ruwa sai dattawa sun tace ka. Babban dattijon majami'armu tsohon ma'aikacin dogo ne, a gidan mishan aka rene shi tun yana jariri, kuma yana alfahari da cewa giya ba ta taɓa taɓa harshensa ba. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin rake. Mu yara Baba Dattijo muke ce masa, in mun hango shi sai mu gyara ɗaurin ɗankwali ko da daidai yake. Shi ya yi wa Inna tambayoyi.

"Baiwar Allah, kin bar giya, ko dai hutu kika ba ta?"

"Na bari, Baba."

"Tukwanen fa?"

"Malam ya ce kada in sayar wa wata mai dafawa, wai mai da zunubi gidan maƙwabta ba barinsa ba ne. Na farfasa su."

"Duka?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Ban da babbar randa. Ta uwata ce. Na wanke ta da toka da yashi, na ƙona kara a cikinta, na kife ta a rana. Ruwa zan riƙa zubawa."

Baba Dattijo ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa. "Kin ga wannan? Daga tsallaken titi yake jin giya. In na ji ko ƙamshi-ƙamshinta a gidanki, ko da kin fito daga kogi jiƙe sharkaf, bencin baya za ki zauna. Jibin Ubangiji kuwa sai dai ki gan shi a hannun wasu."

Wanda bai san bencin baya ba ba zai gane nauyin maganar ba. Benci ne da ake ajiyewa can kusa da ƙofa domin waɗanda ke ƙarƙashin horo. Mai zama a kansa ba ya waƙa da zumunta, ba ya cin Jibi, kowa ya shigo sai ya wuce ta gabansa. Inna ta yi watanni a bakin ƙofar nan da ra'ayin kanta. Abin da take so a duniya shi ne ta shiga ciki ta karɓi gurasa da ƙoƙon Jibi kamar kowa.

Sai ga wata matsala. Lokacin da ta yanke shawara, akwai sauran tsiron dawa da ta riga ta shanya. Zubar da hatsi a wurin 'yar manoma abu ne da ko mahaukaci ba ya yi. Ta ce da mai bishara, "Dawa ba ta yi wa kowa laifi ba." Ya yarda a yi kunun zaƙi da ita, tun da al'adarmu ce in an fito daga kogi a rako sababbin masu bi gida da waƙa, a sha abin da ya samu. Mu biyu ne daga gida ɗaya, don haka gidanmu za a sauka. Ran Juma'a muka niƙa, muka dama, muka tace, aka zuba citta da kanumfari da masoro har unguwa ta ɗauki ƙamshi. Kunun jama'a guda kuwa ba abin da zai ɗauke shi a gidanmu sai babbar randa. Inna ta dube ta, ta ce ai gobe da hantsi za a shanye, ba zai samu sukunin yin komai ba. Muka zuba, ta rufe da faifai.

Masu shiga ruwa ba sa kwana gida. A majami'a suke zama da azumi da addu'a har Fasto ya zo, domin mai bishara ba shi da ikon yin baftisma. Faston kuwa daga Zariya zai taso. Asabar ta yi, muka sa fararen kaya, muka jira. Rana ta take, ta karkata, shiru. Sai da yamma saƙo ya iso cewa motar da ta ɗauko shi ta lalace a hanya, sai gobe bayan sujadar majami'a. Matan zumunta suka ce Shaiɗan ne, aka ƙara waƙa. Na ga Inna tana kallon ƙofa tana murza yatsu, na ɗauka tsoron ruwa ne. Bazara ce irin wadda ƙadangare ke neman inuwa.

Ran Lahadi da azahar muka gangara kogi. Samari suka shiga gaba suna dukan ruwa da sanduna don korar kada, mata suna buga tulu da caki. Wasu Katsinawa masu wanki suka dakata da bugu suka tsaya kallo, ɗaya ma ya janye zannuwansa daga kan dutse ya ba mu hanya. Ni aka fara nutsarwa. Da aka zo kan Inna, wadda ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba, ta damƙe hannun Fasto har sai da ya ce, "Inna, ni ba zan gudu ba." Ta nutse, ta taso tana tari, ta share fuska ta ce, "An gama ke nan?" Aka ɗauki guɗa. Baba Dattijo, saboda ciwon ƙafa, bai jira jerin gwano ba. Tun ana tsakiyar hidima ya hau kekensa ya ce zai riga mu gida, ya ga ko an shirya wurin zama yadda ya kamata.

Muka taho da waƙa, ruwa na ɗiga daga kayanmu, ƙura na mannewa a ƙafa. Muna shiga tsakar gida muka tarar da Baba Dattijo zaune a inuwa, ya jingina da katanga. Mata suka fara fito da ƙore da ludaya. Inna kuwa ta tsaya cak. Ta nufi randar, ta durƙusa da jiƙaƙƙen zanenta, ta kara kunne. Na san wannan durƙuson tun ina goye. Ta ɗaga faifan: kumfa ta taru a sama tana fashewa a hankali, sss, sss. Citta da kanumfari sun rufe warin, amma randa ta yi magana.

Uwar zumunta, wata mai jiki da saurin fahimta, ta leƙa ta gani. Ta matso ta raɗa mata, ina ji.

"Yaya, rufa mana asiri. A ƙara ruwa da sukari, kowa ya sha ludayi guda a watse. Ai ba da gangan kika yi ba."

"Ba wanda zai gane," wata ta ƙara. "Waɗanda za su gane ma ba za su so a san sun gane ba."

Gaskiya suka faɗa. An riga an yi baftisma, ba a kwance ta. Jibi da yamma ne. Abin da ake bukata kawai Inna ta yi shiru na ɗan lokaci. Ta dube su ta ce, "Ruwan kogi bai bushe a kaina ba, in shayar da Fasto giya?" Sai ta miƙe ta juya ga jama'a, da muryar da take raba faɗan sojoji da ita.

"Kada kowa ya sha! Kunu na zuba, amma giya ce yanzu. Na ce na wanke randar nan, ashe ba ta wanku ba. Ke wannan, miƙo mini taɓarya."

Na miƙa mata. Ta tsaya kamar mai sallama da mutum, sannan ta ɗaga ta sauke a cikin randar uwarta. Ƙarar ba ta da yawa, wani irin bum ne mai zurfi. Kunu ya malala ya ratsa tsakar gida, mutane na ɗage ƙafa, kaji na rububi. Ta jingine taɓaryar ta ce, "Baba, ga ni. In bencin baya ne, na san hanya."

Duk ido ya koma kan Baba Dattijo. Ya dafa katanga ya miƙe a hankali. Sai muka ga abin da ba a taɓa gani ba: hawaye a fuskarsa.

"Fasto," ya ce, "ni mutum ne mai tsanani. Na sani. Matata ma ta sani. Amma wannan baiwar Allah... wannan ƙanwata ce! Wa zai kai ta bencin baya? Sai dai a kai mu tare!"

Ya rungume mai bishara, wanda bai yi masa komai ba. Ya ɗauko waƙar yabo tun daga sama da wata murya da ba mu san yana da ita ba, har yana girgiza kafaɗa. Matan zumunta suka dubi juna, suka ɗauki tulu da caki suka bi shi. Fasto ya jira waƙar ta lafa ya ce, "Abin da aka zuba a randa kunu ne. Abin da randa ta yi da shi laifinta ne, kuma ga shi ta karɓi hukuncinta. A kawo ruwa mu sha." Da yammar nan Inna ta zauna a benci na gaba, ta karɓi gurasa da hannu biyu.

Ba zan yi muku wa'azin waya ba: albarka ba ta sauko washegari ba. Daminar nan mun sha miyar kuka da ba ta san daddawa ba. Amma maƙwabciyarmu Hajiya, matar wani akawun gwamnati, wadda tun zuwanmu ba ta taɓa taka gidanmu ba saboda abin da ake dafawa, ita ta fara sallama. Ta aiko da sabuwar tukunya, ta ce a dama mata kunu na sunan jikanta. Daga nan watan azumi ya zo, gidajen ma'aikata suka riƙa aikowa. Kafin shekara ta zagayo, direbobi da 'yan dako na Babbar Kasuwa sun san kunun Inna. Ba mu yi arziki ba, ba mu kuma sake kwana da yunwa ba. Gida ya yi tsit da yamma, na yi karatu da kunnuwana biyu a buɗe har na zama malama. Baba Dattijo ya zama mai sayen kunun Inna na ƙin ƙarawa, ko da yake kullum sai ya kurɓa ya ɗaga kai ya ce, "Da daɗi, baiwar Allah, amma kamar da sauran wani abu." Ranar da Inna za ta tafi, tana kwance ta tsufa tukuf, na tambaye ta ko tana jin tsoro. Ta ce, "Na me? Wanda ya ciyar da ni a hanya ai ya san inda zai sauke ni."

Daga baya, da na koyar da kimiyya, na san sunan abin da ya faru: yumɓu yana da ƙofofi da ido ba ya gani, yisti, wato ƙwayar da ke mai da kunu giya, na ɓuya a ciki, toka da yashi ba sa kai masa. Na ga wannan ya fi wa'azi da yawa da na ji. Akwai abin da wanki ba ya fitarwa, sai fashi. Wanda ke son abin da Almasihu ya yi alkawari, na yau da na gobe, bai isa ya goge tsohuwar randarsa ya ce ruwa zai riƙa zubawa ba. Na tsaya a kan wannan, kuma a kansa zan mutu. Shekara da shekaru ina ba yaran makarantar Lahadi labarin nan, ina ce musu da idona na ga gaskiyar mace ɗaya ta narkar da zuciyar da ta fi ƙarfen dogo tauri, ta sa Baba Dattijo kuka da rawa a rana ɗaya.

Sai bayan rasuwar Inna, da Hajiya ta zo mini gaisuwa tana dogara sanda, na ba ta labarin yadda nake ba yara. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafi. Ta ce ranar tana shanya a bayan katanga sai ta leƙo ta ga Baba Dattijo ya iso da kekensa, ya ɗaga faifai, ya ɗauki ƙwarya. Kafin mu iso daga kogi, in ji ta, kunun cikin randar ya riga ya sauka da taƙin hannu guda.